Ampleforth: Ruhubanawan da Suka Yi Alwashin Zama Wuri Ɗaya, Aka Kore Su Sau Biyu

A arewacin ƙasar Ingila, cikin yankin Yorkshire, tafiyar kimanin mil 20 arewa da birnin York, akwai wani kwari mai dausayi da wani ƙauye mai suna Ampleforth. A gefen tudun da ke kallon kwarin akwai gidan ruhubanawan Katolika mabiya tafarkin Benedict, da babban coci na dutse, da makarantar kwana wadda ta daɗe cikin jerin mafiya suna a Birtaniya. Wanda ya ga gine-ginen zai ɗauka tun kaka da kakanni suke wurin. Alhali waɗanda suka kafa gidan a shekarar 1802 'yan gudun hijira ne, ba su kai cikin cokali ba, sun kuma iso ne bayan shekara 9 suna gararamba daga wannan aron gida zuwa wancan. Abin da ya fi ban mamaki shi ne ƙasar da suka gudo cikinta ita ce ƙasar haihuwarsu, wadda magabatansu suka guje wa kusan shekara 200 kafin nan.

Ba za a fahimci nauyin wannan hijira ba sai an san ko su wane ne mutanen. Benedict mutumin Italiya ne, an haife shi wajen shekarar 480 a garin Nursia. Ya kafa gidansa mafi shahara a kan dutsen Monte Cassino, ya kuma bar wa mabiyansa ƙa'idar rayuwa mai babi 73. Rahibin da ya bi ta ba ya aure, ba ya mallakar kome na kansa, yinin sa a rabe yake tsakanin ibada da karatu da aikin hannu, kuma shi da 'yan uwansa sukan taru sau da dama dare da rana suna rera Zabura. Shugabansu su ke zaɓensa da kansu, suna kiransa Abot, kalmar da ta samo asali daga "abba" na harshen Aramaik, ɗan uwan Larabci, ma'anarta uba. Kowane gida da cin gashin kansa. Ba wani bishop da ke tafiyar da shi yau da gobe. Mai karatu ya riƙe wannan batu, don zai dawo mana a gaba. Alwashi 3 rahibi yake ɗauka: biyayya ga shugaba, da juya rayuwarsa baki ɗaya ga wannan tafarki, da kuma zama daram a gida ɗaya tare da jama'a ɗaya har mutuwa. Benedict bai ga wanda ya tsana ba kamar rahibi mai yawon gidaje, yau a nan gobe a can. To, mabiyansa na Ingila sai ƙaddara ta mai da su abin da ya tsana, ba da son ransu ba.

Kusan shekara dubu ruhubanawa suka yi suna cikin ƙashin bayan Ingila, tun daga 597 lokacin da Paparoma Gregory ya aiko Augustine zuwa Canterbury. Su ne masu kwafar littattafai, su ne masu makarantu da masaukin matafiya, su ne kuma manyan masu gonaki. Gidansu na Westminster a Landan, wanda Sarki Edward ya sake ginawa aka keɓe cocinsa a 1065, nan ake naɗa sarakunan ƙasar. Sai ga Sarki Henry na 8, wanda ya nemi Paparoma ya warware aurensa da Catherine don ya auri Anne Boleyn, Paparoma ya ƙi. A 1534 majalisa ta yi doka cewa sarki ne shugaban cocin Ingila. Daga 1536 zuwa 1540 wazirinsa Thomas Cromwell ya rufe gidajen ibada sama da 800, aka kwashe dukiyarsu zuwa baitulmalin sarki, aka sayar da filayensu ga masu hannu da shuni, aka ɓamɓare dalmar rufinsu aka narkar. Mafi yawan ruhubanawa sun karɓi ɗan fansho sun watse. Waɗanda suka cije kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu: Abot ɗin Glastonbury, Richard Whiting, dattijo tukuf, an rataye shi a kan tudun da ke kallon gidansa a watan Nuwamba na 1539.

Da Maryamu 'yar Henry, wadda take 'yar Katolika, ta hau gadon sarauta, sai ta sake buɗe Westminster a 1556 ƙarƙashin Abot John Feckenham. Murna ta koma ciki da wuri. Maryamu ta rasu a 1558, ƙanwarta Elizabeth ta gaje ta, a 1559 aka sake rufe gidan, Feckenham kuma ya ƙarasa rayuwarsa a tsare. Daga nan dokoki suka yi ta tsananta. Tun daga 1581, wanda ya ƙi halartar ibadar cocin gwamnati tararsa fam 20 ce kowane wata, kuɗin da ɗan ƙwadago ba ya tarawa a shekara guda. Dokar 1585 ta ce duk Ba'ingilen da aka naɗa limamin Katolika a ƙetare, ya kuma sa ƙafa a ƙasar, ya ci amanar sarauta. Hukuncinsa a rataye shi, a sauke shi da sauran numfashi, a farke cikinsa, a sassara gawarsa kashi 4.

A cikin 'yan samarin da suka shiga Westminster a waɗancan shekaru 3 na Maryamu akwai wani Sigebert Buckley. Ya ƙi rantsuwar amincewa da sabon tsari, ya yi shekaru masu yawa a kurkuku, ya ga 'yan uwansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama shi kaɗai ya rage daga tsohuwar jama'ar. A halin nan wasu samarin Ingila sun tsallaka sun shiga gidajen Benedict na Italiya da Sifen, amma a shari'ar coci su 'yan waɗancan gidaje ne, ba magadan na Ingila ba. Ranar 21 ga Nuwamba 1607, a Landan, aka kawo wa Buckley biyu daga cikinsu, Robert Sadler da Edward Maihew, yana tsoho mai kusan shekara 90, ya karɓe su a matsayin 'yan gidan Westminster, ya miƙa musu duk wani haƙƙi da gado na jama'ar da ta shuɗe. Bai fi shekara 3 a duniya ba bayan haka. Masana tarihi sun yi ta muhawara kan ƙarfin wannan aiki ta fuskar doka, amma Paparoma Paul na 5 ya tabbatar da shi. Mu dai a ganinmu duk wanda ya san darajar silsila, yadda ilmi ko izini ke gangarowa daga hannun malami zuwa na almajiri ba tare da yankewa ba, ba zai raina abin da ya faru a ɗakin nan ba. Ba a miƙa gona ba, ba a miƙa ko kwabo ba. An miƙa suna ne da nasaba, kuma a kansu aka gina duk abin da ya biyo baya.

Maihew ya tafi wani ƙaramin gari mai suna Dieulouard a bakin kogin Moselle, tsakanin Nancy da Metz, cikin ƙasar Lorraine, wadda a lokacin take da sarautarta daban, sai a 1766 Faransa ta haɗiye ta. Akwai wani tsohon coci a garin mai sunan waliyyi Laurence wanda limamansa suka ƙaura, aka ba Ingilishi suka tare a 1608, Maihew kuma ya shugabanci gidan na wasu shekaru. Ta nan ne jama'ar Ampleforth ke jingina kansu ga Westminster, har tambarinsu daga na Westminster aka ɗauko shi. Ba su kaɗai ba ne a ƙetare: akwai gidan Gregory a Douai, da gidan Edmund a Paris, da wani babba a Lamspringe cikin ƙasar Jamus. A 1619 Paparoma ya haɗa ruhubanawan Ingila na tafarkin Benedict ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Zaman Dieulouard zaman talauci ne. Yaƙin shekara 30 da annoba sun ɗaiɗaita Lorraine a shekarun 1630, gidan bai taɓa yin yawan jama'a ba, abin da ya fi riƙe su kuwa shi ne noma da dafa giyar sha'ir, wadda ta yi suna a yankin. Amma akwai abu biyu da suka bambanta waɗannan gidaje da sauran na Turai. Na farko, a kan alwashi 3 na Benedict sun ƙara rantsuwa ta 4, cewa duk ranar da shugabanni suka umarci mutum ya koma Ingila a ɓoye don yi wa 'yan Katolika hidima, zai tafi. Ga mutum ya yi alwashin ba zai bar gida ba, ga shi ya rantse zai bar shi; a cikin wannan tsaka mai wuya suka rayu shekara 185. Alban Roe, ɗan gidan Dieulouard, ya cika tasa rantsuwar, ya yi shekaru a kurkuku, aka rataye shi a Tyburn ranar 21 ga Janairu 1642. Mafi yawansu dai ba su kai ga igiya ba. Sun ƙare ne a matsayin limaman gida na attajiran Katolika a karkara, suna sanye da tufafin kowa da kowa.

Na biyu shi ne makaranta. Hukumar Ingila ta gane da wuri cewa jama'ar da ba ta da wurin karantar da 'ya'yanta, ko ba a kashe ta ba, za ta narke cikin jikoki biyu ko uku. Don haka aka sa tara kan mai tura ɗansa karatun Katolika a ƙetare, sannan dokar da ta fara aiki a 1700 ta yanke ɗaurin rai da rai ga ɗan Katolikan da ya buɗe makaranta, da ladar fam 100 ga mai tona asirin limami. Iyaye suka ci gaba da tsallakar da yaransu teku a sace, wasu da sunan aro, yaro ya yi shekara da shekaru bai ga mahaifiyarsa ba. Makarantar Douai ita ce babba, ta Dieulouard ƙarama ce. Daga waɗannan ɗalibai ake samun sababbin ruhubanawa, daga cikinsu kuma ake samun magidantan da za su koma gida su ɓoye limamai su ciyar da su. Gida na renon makaranta, makaranta na renon gida. Ba don wannan zagaye ba, da silsilar Buckley ta yanke tun a jikoki na farko.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa, ƙasar da ta zama mafakarsu. A watan Nuwamba aka mai da dukiyar coci ta gwamnati, a Fabrairun 1790 aka soke alwashin ruhubananci. Da farko Ingilishi sun laɓe da cewa su baƙi ne, dokar ba ta hau kansu ba. Wannan garkuwa ita ce ta zama musu tarko: bayan an sare kan Sarki Louis na 16 a Janairun 1793, Faransa ta shiga yaƙi da Birtaniya, a watan Oktoba aka ba da umarnin kama duk wani ɗan Birtaniya. Ruhubanawan Douai an kwashe su zuwa kurkukun Doullens, suka yi sama da shekara a can. A Dieulouard, shugaban gidan Richard Marsh ya riga ya tura mafi yawan jama'arsa gaba. Da aka zo kama shi sai ya sulale cikin dare, ya ƙetare kogin Moselle, ya nufi iyakar Jamus. 'Yan kaɗan da suka rage aka tsare, gidan kuma aka ƙwace.

Ina za su nufa? Ingila ta fara saukowa. Dokar sassauci ta 1778 ta janye ɗaurin rai da rai, ko da yake ta jawo tarzomar 1780 a Landan wadda ta ci rayuka ɗaruruwa. Ta 1791 ta yarda da ɗakunan ibada masu rajista da malaman makaranta 'yan Katolika. Sannan ga dubban limaman Faransa da suka kwararo ƙasar tun 1792, Ingilishi Furotesta suka yi musu karo-karo, don yanzu tsoron masu juyin juya hali ya danne tsohuwar ƙiyayyar Paparoma. Ba tausayi zalla ba ne, akwai siyasa a ciki, amma mai neman mafaka ba ya binciken niyyar mai buɗe ƙofa.

Wani attajiri, Sir Edward Smythe, tsohon ɗalibin Douai, ya ba su wuri a gidansa na Acton Burnell a yankin Shropshire. Da aka sako mutanen Douai suka iso a 1795, sai aka taru jama'a biyu a rufi ɗaya. Da hankali ne kawai ke magana, da sun haɗe sun zama gida guda, tunda duk ba yawa gare su ba. Suka ƙi. Kowace jama'a tana ganin haɗewa mutuwarta ce, alwashin kuma ga 'yan uwa ayyanannu aka ɗauke shi. Mutanen Douai suka zauna nan har 1814, sannan suka sayi wuri a Downside cikin Somerset. Mutanen Dieulouard suka ɗaure kayansu suka nufi arewa maso yamma, inda da yawansu suka fito: Birkenhead, kewayen Liverpool, Parbold, ko'ina su gwada buɗe ƴar makaranta, ko'ina abin ya ƙi zama.

Mafita ta zo ta hannun wata mata da ta riga ta rasu. Anne Fairfax, 'yar gidan sarautar da ta mallaki fadar Gilling a ƙetaren kwarin Ampleforth, ba ta yi aure ba, tana da limamin gida mai suna Anselm Bolton, ɗan gidan Dieulouard, wanda ya yi mata hidima shekaru masu yawa. Kafin rasuwarta a 1793 ta gina masa gida a tsallaken kwarin don ya ƙarasa tsufansa. A 1802 Bolton ya sallama wannan gida ga 'yan uwansa marasa matsuguni, ya koma wani wuri, suka tare a watan Disamba. Rantsuwar nan ta 4, wadda ta yi ta kwashe mutanensu tana warwatsa su a gidajen attajirai, ita ce a ƙarshe ta samar musu da rufi. Kuma wurin da suka sauka ba shi da nisa da kangayen Byland da Rievaulx, manyan gidajen ruhubanawa da aka rufe a 1538, waɗanda har yau ganuwarsu ke tsaye ba rufi. Ba su yi shekara ba sai Prussia ta rufe gidan Lamspringe, wasu daga ɗalibansa suka ƙetaro, su ma 'yan gudun hijira, suka zama harsashin makarantar Ampleforth a 1803.

Tsugune ba ta ƙare ba. Dokar 'yanci ta 1829, wadda ta buɗe wa 'yan Katolika ƙofar majalisa, tana ɗauke da sassan da ke nufin ƙarar da ƙungiyoyin ruhubanawa maza sannu a hankali, ko da yake ba a taɓa aiwatar da su ba. Shekaru da dama ba sa fita da rigar ruhubananci. Amma bugun da ya kusa kashe gidan daga ciki ya fito. Bishop Peter Baines, wanda shi kansa ɗan Ampleforth ne, ya sayi wani katafaren gida mai suna Prior Park a birnin Bath don ya yi babbar kwaleji. Ya nemi mutanen Downside su zo ƙarƙashinsa, suka ƙi. Sai ya juya ga tsohon gidansa, a 1830 ya janye shugaban gidan da wasu manyan malamai da kaso mai yawa na ɗalibai. Da ɗan gari akan ci gari. Ampleforth ta yi shekaru tana jinya; kwalejin Baines kuwa bashi ya durƙusar da ita bayan rasuwarsa.

Sauran ƙarni na 19 ya wuce musu cikin gine-gine kaɗan-kaɗan da hidimar coci-coci a garuruwan masana'antu na arewa, inda ma'aikatan Ireland suka cika. A 1897 suka buɗe masaukin karatu a Oxford don ruhubanawansu su sami digiri, a 1899 Paparoma Leo na 13 ya ɗaga darajar gidan, a 1900 suka zaɓi Abot na farko, Oswald Smith. Wanda ya mai da makarantar abin da duniya ta sani shi ne Paul Nevill, shugabanta daga 1924 zuwa 1954. Ya raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da rahibi mai kula da shi kamar uba, a 1929 aka sayi fadar Gilling ta Anne Fairfax aka mai da ita sashen ƙananan yara. Babban cocin da Giles Gilbert Scott ya zana an kammala shi a 1961. Jikokin waɗanda aka hana wa karatu suka fara cika Oxford da Cambridge da manyan muƙaman soja. Jean, sarkin Luxembourg, nan ya yi karatu, haka Sarki Moshoeshoe na 2 na Lesotho da ɗansa Letsie na 3. A shekarun 1960 ruhubanawan gidan sun haura 150, sun riga sun kafa reshe da makaranta a St Louis ta Amurka a 1955, daga baya kuma a 1996 suka kafa wani a Macheke ta Zimbabuwe.

Ƙololuwar wannan ɗaukaka ta zo ne a 1976. Basil Hume, Abot ɗin gidan tun 1963, aka naɗa shi Babban Bishop na Westminster, wato jagoran 'yan Katolikan Ingila, a shekarar kuma ya zama Kadinal. Ranar 25 ga Maris, bayan bikin naɗin, ruhubanawan suka taka zuwa tsohon cocin Westminster, wanda ke hannun cocin Ingila, bisa gayyatar masu riƙe da shi, suka rera ibadar maraice da Latin a wurin da aka fitar da Buckley da 'yan uwansa shekara 417 da suka shige.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya yi daɗin bayarwa. Sai dai a daidai shekarun nan na ɗaukaka akwai yara a ɗakunan kwanan Gilling da na babbar makarantar da wasu daga masu kula da su ke lalata da su. A 1975 iyaye sun kai wa Hume ƙarar wani rahibi. Ya cire shi daga makarantar ya tura shi hidimar coci a wani gari, ba a sanar da 'yan sanda ba. Sai a 2006 kotu ta ɗaure mutumin kan laifin da ya aikata a kan yara maza 15. A watan Agusta na 2018, hukumar bincike mai zaman kanta da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Alexis Jay ta fitar da rahoto kan Ampleforth da Downside tare. Ta ce mutum 10 masu alaƙa da gidajen biyu, akasarinsu ruhubanawa, kotu ta same su da laifi ko 'yan sanda sun yi musu gargaɗi na doka, adadin gaskiya kuma mai yiwuwa ya zarce haka nesa; cikin waɗanda aka cuta a Ampleforth har da 'yan shekara 7. Hukuncinta mafi zafi shi ne gidajen sun fifita kare sunansu da na ruhubanawansu a kan kare yara, har bayan da cocin Katolika na Ingila ya karɓi sababbin ƙa'idoji a 2001.

Ba za mu ce laifin mutum 10 laifin ɗaruruwan da suka rayu suka mutu cikin tsoron Allah a gidajen nan ba ne. Amma rufa-rufar ba ta mutum 10 ba ce, kuma a fahimtarmu tana da saiwa a cikin tarihin da muka kawo. Jama'ar da ta yi shekara 200 tana ɓoye limamai daga idon hukuma ta koyi cewa na waje abin tsoro ne, maganar gida a gida take ƙarewa, ɗan uwa kuma ba a miƙa shi ko da me ya yi. A zamanin Tyburn wannan ɗabi'a ta ceci rayuka. Da tsoro ya gushe, ɗabi'ar ba ta gushe ba, ga kuma cin gashin kan da Benedict ya ba kowane gida, wanda ya sa Abot ne uban mai laifi, shi ne alƙalinsa, shi ne kuma mai makarantar. Yaron da iyayensa suka damƙa amana bai ɗauki alwashi da kowa ba, don haka da aka zo auna shi da ɗan gida, shi aka bari a waje. Makarantar da aka kafa don kada 'ya'yan tsiraru su salwanta, a cikinta wasunsu suka salwanta.

Gyaran daga waje ya zo, mafi yawansa ala tilas. A 2014 makarantar ta sami shugaba na farko wanda ba rahibi ba. A 2018 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta ɗora wa gidan mai sa ido kan kare yara. An raba mulkin makaranta da na gidan ruhubanawa. A Nuwamban 2020 ministan ilmi ya hana makarantar ɗaukar sababbin ɗalibai, aka janye haramcin a Afrilun 2021. Sashen Gilling an rufe shi a 2020, masaukin Oxford kuma a 2022. Makarantar, wadda ta fara karɓar 'yan mata a farkon wannan ƙarni, tana nan tana aiki. Ruhubanawan sun ragu ƙwarai kuma akasarinsu dattawa ne. A 2021 suka zaɓi Robert Igo, wanda ya daɗe yana shugabantar reshensu na Zimbabuwe, ya zama Abot.

Abokan hijirarsu na Downside kuwa, waɗanda suka ƙi haɗewa da su a Acton Burnell, sun yanke shawara a 2020 cewa ba za su iya ci gaba da zama kusa da makarantarsu ba. A watan Maris na 2022 'yan ƙalilan da suka rage suka bar babban cocinsu da kaburburan magabatansu, bayan shekara 208 a wurin, suka koma aron gida a harabar ruhubanawan Buckfast da ke yankin Devon.